Maganin Sauro Na Shafawa: Abin Da Za A Duba Kafin A Saya

Kwalaben maganin sauro guda biyu za su iya zama kusa da juna a kan kanta, girmansu ɗaya, kowacce da hoton sauro an ja masa jan layi, amma ɗaya ta tsare fatar mutum awa biyar, ɗayar kuwa ko minti ashirin ba za ta kai ba. Bambancin ba ya cikin sunan kamfani, ba ya cikin ƙamshi ko kyawun kwali. Yana cikin wani ɗan rubutu da ake maƙalawa a bayan kwalba ko can ƙasanta da ƙananan haruffa: sunan sinadarin da ke yin aikin, da yawansa cikin ɗari. Kwalbar da ba ta faɗi waɗannan abubuwa biyu ba, a mayar da ita inda aka ɗauko ta.

Kafin a kai ga sunayen, akwai ruɗanin da ya kamata a kawar. Maganin da ake fesawa a ɗaki don ya kashe sauro daban, wanda ake shafawa a jiki don ya kore shi daban. Na farko guba ce ga ƙwari, kuma ba a yi shi don ya taɓa fatar mutum ba. Na biyu ba ya kashe komai. Macen sauro, wadda ita kaɗai ce ke cizo saboda tana buƙatar jini don ƙwayayenta, tana gano mutum ne mataki-mataki: daga nesa ta bi iskar da yake fitarwa in yana numfashi, in ta matso ta bi warin fata da gumi, in ta zo dab kuma ta ji ɗumin jiki. Maganin shafawa ba ya hana ta zuwa. Aikinsa a ɗan tazarar ƙarshe yake, santimita kaɗan daga fata, inda tururinsa ke rikita mata hanci, ko kuma ta sauka ta ɗanɗana shi da ƙafafunta ta tashi ba ta soka ba. Shi ya sa wanda ya shafa magani mai kyau zai ci gaba da jin kukan sauro a kunnensa. Wannan ba alamar maganin jabu ba ne. Ma'auninsa cizo ne, ba kuka ba.

Sinadaran da bincike ya tabbatar da su ba su da yawa. Mafi tsufa shi ne DEET, wanda masu bincike a ma'aikatar gona ta Amurka suka samar wa sojojin ƙasar a shekarun 1940, aka kuma buɗe shi ga jama'a a 1957. Har yau da shi ake auna duk wani sabon magani. Aibinsa sananne ne: yana da maiƙo, yana da warin da wasu ba sa so, kuma yana cin roba. Wanda ya shafa shi sannan ya kama tabarau ko agogon roba ko rigar waya zai iya ganin shatin yatsunsa ya zauna a kai har abada. Yana lalata wasu yadudduka na roba masu talewa, yana ɓata fentin katako, amma ba ruwansa da auduga ko ulu.

Na biyu shi ne wanda za a ga an rubuta picaridin ko icaridin, kamfanin Bayer na Jamus ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980. Mai kashi 20 cikin ɗari yana kafaɗa da kafaɗa da DEET mai irin wannan ƙarfi, ba ya da wari sosai, ba ya danƙo a jiki, ba ya cin roba. Ga wanda ƙyamar DEET ke sa shi barin kwalba a aljihun jaka ba tare da ya buɗe ta ba, wannan ya fi masa alheri. Akwai kuma IR3535, shi ma daga Jamus, na kamfanin Merck. Mai kashi 20 yana aiki, amma mai ƙaramin kaso ba ya jimawa, kuma in ya shiga ido akwai raɗaɗi.

Na huɗu shi ne kaɗai daga cikin na tsirrai da ya tsaya a sahun waɗancan. Ana samo shi daga ganyen wani nau'in bishiyar turare mai ƙamshin lemun tsami, a tace man har sinadarin da ake kira PMD ya yi yawa a cikinsa. A kan kwalba za a ga PMD, ko OLE, ko Citriodiol. Mai kashi 30 kan kai wajen awa shida. Sai dai a nan akwai tarko. Ɗanyen man wannan bishiya da ake sayarwa a ƙananan kwalabe don ƙamshi, wanda ba a tace ba, PMD ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Suna kusan ɗaya, ƙamshi kusan ɗaya, aiki ba ɗaya ba.

Maganar kaso ce inda mutane da yawa ke yin kuskure. Ana ɗauka cewa DEET mai kashi 50 ya fi mai kashi 20 ƙarfin korar sauro. Ba haka lissafin yake ba. A awar farko bayan shafawa, duk biyun suna hana cizo daidai wa daida. Abin da kaso ke ƙarawa shi ne tsawon lokaci, domin sinadarin tashi yake yi daga fata a hankali, kuma wanda ya fi yawa ya fi jimawa kafin ya ƙare. Wani gwaji da Mark Fradin da John Day suka wallafa a 2002 a mujallar likitanci ta New England ya nuna wannan ƙarara. Sun sa mutane suna cusa hannu cikin keji mai cike da sauro, ana ƙirga lokacin da cizon farko zai zo. DEET mai kashi 4.75 ya tsare hannu kusan minti 88. Mai kashi 20 ya kai kusan awa huɗu. Mai kashi 23.8 ya kai awa biyar. Waɗanda aka yi da citronella, wato man wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami, ba su wuce minti 20 ba. Su kuwa zobban robar da ake ɗaurawa a wuyan hannu, ko minti ɗaya ba su cika ba.

Ƙarin lokacin ma yana da iyaka. Daga kashi 50 zuwa sama, abin da ake samu bai taka kara ya karya ba, sai dai ƙarin maiƙo da ƙarin yiwuwar fata ta yi ƙaiƙayi. Kwalbar da aka rubuta kashi 98 ko 100 ba ta ninka mai kashi 50 ba. Hukumomin ƙasashe ma sun ɗan sha bamban a kan inda za a tsaya: Kanada ba ta barin a sayar da wanda ya wuce kashi 30, Birtaniya kuma tana shawartar matafiyanta masu zuwa yankunan zazzaɓin cizon sauro da su nemi mai kashi 50. Tsakanin 20 da 50 ne dai filin da ya dace da babban mutum. Akwai kuma wasu da aka haɗa su yadda sinadarin zai riƙa fita kaɗan-kaɗan, irin wanda sojojin Amurka ke amfani da shi mai kashi 30 da 'yan kai, wanda kan ninka tsawon lokacin na gama-gari.

Don haka tambayar da mai saye zai yi wa kansa ita ce, awa nawa zan yi a waje? Wanda zai zauna a tsakar gida awa ɗaya da magariba, mai kashi 10 ya ishe shi. Mai gadin dare, ko mai aiki a gona kusa da ruwa, ko matafiyin da zai yi yini a daji, yana buƙatar DEET mai kashi 30 zuwa sama ko picaridin mai kashi 20. Kuma awannin da aka rubuta a kwalba, a ɗauke su a matsayin ƙololuwa. An samo su ne a ɗakin gwaji, a kan hannun da ba ya gumi, ba ya goguwa da riga. Zafin rana, iska, gumi, ruwan sama da wanke hannu duk suna cinye lokacin. A rana mai zafi ga mai aikin ƙarfi, rabin abin da aka rubuta ma an gode. Cizon farko shi ne agogon gaskiya: da an ji shi, a ƙara shafawa.

Irin sauron ma yana canza zaɓi, musamman lokacin shafawa. Sauron Anopheles, mai yaɗa zazzaɓin maleriya, da dare yake aiki, daga faɗuwar rana zuwa asuba, kuma wasu nau'o'insa sun fi son ƙafa da idon sawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 maleriya ta kama mutane wajen miliyan 263, ta kashe kusan 597,000. Shi wannan sauron ya fi sauran taurin kai ga maganin shafawa, kariyar kan ƙare da wuri a kansa, shi ya sa ba a son ƙaramin kaso a inda yake. Sauron Aedes kuwa, baƙi mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu, shi ke yaɗa denge, shawara, zika da cikungunya, kuma da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma gab da magariba. Yana hayayyafa a ɗan ruwan da ya taru cikin gwangwani ko tsohuwar taya. Wanda ya saba cewa sauro abin dare ne zai iya kwana cikin gidan sauro lafiya lau, sannan ya kamu da denge a bakin aikinsa da ƙarfe tara na safe. A inda wannan cuta take, shafawar safe ce ta fi muhimmanci. Sauron Culex, mai yawan kuka a kunne da dare, yana iya yaɗa tundurmi a wasu yankuna, kuma kusan duk sinadaran nan suna maganinsa.

Ko an sayi mafi kyau, yawancin gazawar daga hannun mai shafawa take fitowa. Tunda kariyar ba ta wuce santimita kaɗan ba, duk inda magani bai taɓa ba ƙofa ce a buɗe. Ɗiga shi a wuyan hannu da bayan kunne kamar turare ba ya tsinana komai. Sauro zai zagaya ya sami bayan gwiwa, ko tsakanin igiyoyin takalmi, ko ƙeya, ko gefen hannun da ba a kai ba. Dole a bi duk fatar da ke waje a shafe ta bai ɗaya. A gwaje-gwajen da ake yi bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ana shafa mililita ɗaya a kan fatar da ta kai girman damtsen gaba, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. In aka bi wannan ma'auni, babban mutum mai gajeren hannun riga da ƙafafu a waje zai buƙaci fiye da ƙaramin cokali guda a shafawa ɗaya, kuma kwalba mai mililita 100 ba za ta wuce mako biyu da wani abu ba in kullum ake shafawa. Wanda kwalbarsa ta yi wata shida bai ga ƙasanta ba, yana shafa ƙasa da abin da ake buƙata. Wannan ba yana nufin a yi wanka da shi ba. A shafa har fata ta ɗan jiƙe ko'ina, ba har ya riƙa ɗiga ba.

Na fesawa a jiki yana da nasa matsalar. Wani ɓangare na abin da aka fesa iska ke tafiya da shi, kuma yana sauka ɗigo-ɗigo, ya bar gurabe. A fesa a waje ko inda iska ke shiga, nesa da wuta da abinci, sannan a bi da tafin hannu a baza shi. Fuska kuwa ba a fesa mata kai tsaye. A zuba a tafin hannu, a shafa a goshi, kumatu da wuya, a kauce wa ido da leɓe. Ba a shafawa a kan rauni, ƙuna ko fatar da ta riga ta yi ƙuraje. Ba a shafawa a ƙarƙashin tufafi, domin can ba ya tashi ya yi aikinsa, sai dai ya ƙara shiga fata. In an dawo gida an gama da waje, a wanke da ruwa da sabulu.

Mai shafa man kariya daga hasken rana, shi zai fara sawa, ya bar shi kamar minti 15 zuwa 20 ya zauna, sannan ya ɗora maganin sauro a kai. DEET yana rage ƙarfin wancan man, don haka a zaɓi mai ƙarfi. Kwalaben da suka haɗa biyun wuri ɗaya ba su da daɗin sha'ani, domin man rana yana son a maimaita shi duk bayan awa biyu, maganin sauro kuwa ba ya buƙatar haka.

Ga yara, ƙa'idojin sun fi tsauri amma ba su da wuyar riƙewa. Jaririn da bai kai wata biyu ba, ba a shafa masa komai. Kariyarsa tufafi ne masu rufe jiki da gidan sauro a kan gadonsa ko abin ɗaukarsa. Daga wata biyu, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yarda da DEET da bai wuce kashi 30 ba. Wanda aka yi da PMD kuwa, duk da daga ganye yake, ba a shafa wa yaron da bai kai shekara uku ba, abin da ke ba iyaye da yawa mamaki tunda sun ɗauka na ganye ne ya fi dacewa da yara. Babba ne zai zuba a hannunsa ya shafa wa yaro, kuma ya tsallake tafin hannun yaron da yatsunsa, don baki da ido za su nufa. Mai ciki da mai shayarwa za su iya amfani da DEET ko picaridin yadda aka rubuta a kwalba. A gaskiya mai ciki ta fi kowa buƙatarsa, domin sauro ya fi bin ta, kuma maleriya da zika duk suna iya taɓa abin da ke cikinta. Mai shayarwa ta dai kiyaye kada ya taɓa nono, ta kuma wanke hannu kafin ta ɗauki jariri.

Tsoron DEET ya fi haɗarinsa girma nesa ba kusa ba. An fi shekara sittin ana shafa shi, kuma munanan larurorin da aka samu kaɗan ne, yawancinsu daga shan sa ne ko shafa shi fiye da kima kullum a kan ƙananan yara. Wannan tsoron ne kasuwar abubuwan banza ke ci da shi. Na'urorin da ake cewa suna fitar da ƙarar da sauro ba ya so, bitar binciken da ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken likitanci ta yi a 2007 ta gano ba sa rage cizo ko kaɗan. Shan bitamin B ko cin tafarnuwa ba ya canza komai. Fitilar lantarki mai babbake ƙwari tana da ban sha'awa in ana jin tas-tas ɗinta, amma wani ƙidaya da aka yi a jihar Delaware ta Amurka, aka wallafa a 1996, ya sami ƙwari 13,789 da irin waɗannan fitilu suka kashe, masu cizo a cikinsu 31 ne kacal. Sauro ba haske yake bi ba, numfashi yake bi. Mayukan ganye masu ƙamshi, irin su citronella da na'a-na'a da kanumfari, su dai ba ƙarya ba ne, suna kora. Matsalarsu saurin tashi. Wanda zai iya maimaitawa duk bayan minti 20 zai ga amfaninsu, amma wa zai iya? In kuma aka ƙara musu ƙarfi don su jima, sai su ƙona fata. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Tufafi su ne rabin aikin da ake mantawa. Sauro yana soka ta cikin yadi mai shara-shara da ya manne a jiki, don haka mai ɗan kauri kuma sakakke ya fi, mai haske ya fi baƙi. Ga wanda zai daɗe a wuri mai sauro, akwai sinadarin permethrin mai kashi 0.5, wanda ake fesa wa tufafi, safa, takalmi da tanti. Shi wannan kashewa yake yi, kuma na tufafi ne kawai, ba na fata ba. Ana rataye kayan a waje, a fesa har su ɗan jiƙe ciki da bai, a bar su su bushe sarai kafin a sa. Yana jure wanki wajen shida. Wanda aka sa tun daga masana'anta yana kai wanki 70. Kafin ya bushe yana da haɗari ƙwarai ga kyanwa, kuma ba a zubar da ragowarsa a ruwan da kifi ke ciki. Haɗa tufafin da aka yi wa wannan da maganin shafawa a fatar da ta rage a waje shi ne mafi ƙarfin kariyar da mutum zai iya ɗauka a jikinsa.

Inda maganin shafawa ya tsaya shi ne bakin gado. Babu wanda zai tashi ƙarfe biyu na dare ya ƙara shafawa, kuma zanin gado yana goge wanda aka sa. Barci na gidan sauro ne mai magani, wanda aka cusa gefunansa ƙarƙashin katifa, aka kuma ɗinke duk hujin da ke jikinsa. Gwaje-gwajen da aka yi na raba wa ƙauyuka maganin shafawa don rage maleriya ba su nuna sakamako mai gamsarwa ba, kuma babban dalilin shi ne mutane ba sa shafawa kullum yadda ya kamata, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗauke shi madadin gidan sauro ba. Gurbinsa shi ne awannin da ke tsakanin magariba da kwanciya, da fitar asuba, da kuma yini a inda Aedes yake. A zaman waje, fanka mai ƙarfi tana taimakawa, domin sauro ba ya iya tashi cikin iska kuma tana watsa numfashin da yake bi. Maganin kunnawa mai hayaƙi yana rage cizo a ɗan kewayensa in ba iska, amma ba a rufe ɗaki da shi, balle inda akwai jariri ko mai asma.

Wanda fatarsa ke saurin tashi ya fara gwada ɗan kaɗan a cikin gwiwar hannu ya jira kwana guda. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, ya wanke ya koma wani sinadarin, domin wanda DEET bai karɓe shi ba sau da yawa picaridin yana karɓarsa. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta yana gudana na tsawon minti 15. In yaro ya sha, kada a sa shi amai. A kai shi asibiti tare da kwalbar, don likita ya ga sunan sinadarin da kasonsa.